Shafi Na Tara Mai Huji Ɗaya

Yayata ta yi shekara talatin da uku a kotu, amma ba ta taɓa yanke wa kowa hukunci ba, ba ta kuma taɓa kare kowa ba. Aikinta ɗinke fayil. Idan 'yan sanda suka kawo takardun ƙara a warwatse, wata da shatin kofin shayi, wata da maiƙon abin da mai rubutun ya ci, ita ce za ta jera su, ta sa wa kowane shafi lamba da fensir a kusurwa, ta huda, ta zura zare, ta ƙulle. Sannan ta sa hannu a cikin bangon fayil, alamar cewa ɗinkinta ne, ba a ƙara ba, ba a rage ba. Daga masinja har magatakarda, ba wanda ke kiran ta da wani suna sai Mai Basilla.

Basillar ta mahaifinmu ce. Ɗinkin katifa yake yi. Ni na gaji shagon, ita ta gaji hannun, kuma na daɗe da haƙura da wannan rabon gado. Tun tana yarinya idan ta ƙulle zare, sai dai a sa reza. Ƙullin baba take yi, zagaye uku, a ɓoye kan zaren ta ciki. Da ta samu aikin kotu aka miƙa mata abin huda takarda na ofis, ta juya shi, ta ce wannan ai yaga takarda yake yi, ta jefa shi a durowa. Washegari ta zo da basilla a naɗe cikin tsumma.

Ɗakin da take aiki ba taga, sai fanka ɗaya da ta daina juyawa tun 'ya'yanta suna firamare. A wannan ɗakin ta yi zaman takabar zuci bayan mijinta ya rasu, a nan ta ɗinke fayilolin da suka ciyar da yara biyu har suka kawo ƙarfi. Alƙalai sun zo sun tafi, wasu da mutunci, wasu da gidaje. Ita tana nan kan kujerarta mai ƙafa ɗaya a ɗaure da waya.

Abu ɗaya take tinƙaho da shi fiye da ƙullin: ba ta karanta fayil. A shekararta ta farko ta ga an kori wani abokin aikinta da ke karanta bayanan shaidu ya kai wa dangin waɗanda ake tuhuma. Tun ranar ta ɗaure idonta a kusurwar takarda. Lamba take gani, ba magana ba. Idan wani ya zo yana lallaɓa ta ta faɗa masa abin da ke ciki, sai ta ce ita ɗinki aka ɗauke ta, ba karatu ba. Ni kuwa nakan tsokane ta cewa ko takardar korarta aka saka mata a tsakiya, za ta ɗinke ta tsaf ta sa hannu. Takan ce ƙwarai kuwa, kuma da zagaye uku.

Saura wata huɗu ta yi ritaya abin ya faru. Da safe ne, a titin da ke gaban wata makarantar firamare, lokacin da iyaye ke sauke yara. An kawo wa Kwamishinan Ayyuka sabuwar mota, ran mutumin ya biya ya ɗana ta da kansa. Ya ce direba ya koma gefe. Mutumin da ya shekara goma bai taɓa sitiyari ba sai dai ya yi nuni da yatsa daga kujerar baya, shi ne ya taka mai a gaban makaranta. Ya kwashe wata mai shara da tsintsiyarta a hannu. Kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa.

Titi guda ya gani. Mai gadin makaranta ya gani, masu sayar da alawa sun gani, ɗan sandan da ke ba da hannu a mahaɗar ya gani, har ya rubuta abin da ya gani tun kafin wayoyi su fara ƙara. Da wayoyin suka fara, sai idanun jama'a suka soma ciwo ɗaya bayan ɗaya. A takardar tuhuma sunan direba aka rubuta. An ce masa ya kwantar da hankalinsa, 'yan kwanaki ne, maigida ba zai manta da shi ba. Sai da ya shiga hannu ya ji lauya na cewa laifin kan kai shekara bakwai.

Gyaran nasu bai cika ba, don masu irin wannan aikin ko ƙaryar ma ba sa yin ta da kyau. An manta da bayanin ɗan sandan hanya a cikin takardun. Haka tarin ya iso teburin Yaya, shafi ashirin da huɗu, bayanin ya faɗo a na tara. Ta huda, ta ƙulle, ta sa hannu. Bayan kwana biyu Ma'aikatar Shari'a ta aiko a ba ta aron fayil ɗin, wai za ta ba da shawara. Shawarar ta ci sati shida.

Ranar da fayil ya dawo, magatakarda da kansa ya sauko da shi, shi da bai taɓa sanin hanyar ɗakin ba. Har da tambayar lafiyar yara. Ya ce an canza bango saboda tsohon ya yage, ta sake sa hannu kawai. Yaya ba ta ko buɗe ba ta ga abin da ta gani: wata farar igiya mai kauri, an ƙulle ta a waje kamar bakin buhun gawayi. Ta ɗaga shafukan ɗaya bayan ɗaya. Igiyarsu ta ƙi shiga siririn hujin basilla, sai suka haɗa takardun suka yi sabon huji da abin ofis. Don haka kowane shafi huji biyu gare shi, nata da nasu. Shafi na tara kaɗai ke da huji ɗaya. Basillarta ba ta taɓa ratsa shi ba.

Ta nuna wa magatakarda. Ya kalli hujin kamar an nuna masa maciji a aljihunsa, ya ce umarni ne daga sama. Wannan saman dai na rasa irinsa. Ba shi da suna, ba shi da sa hannu, ba ya rubuta komai a takarda, amma kowa ya san muryarsa a waya. Ya tuna mata cewa ko wata uku bai rage mata ba, kuma takardun ritaya ta teburinsa za su bi. Ya bar mata fayil ɗin ta yi tunani.

A kan bencin ƙofar ɗakin nan matar direban take wuni. Ba ta san kowa a kotu ba, wani ne ya ce mata duk takardar mijinta ta wannan ƙofar take wucewa, shi ke nan ta mai da wurin wajen zamanta. Ba ta roƙon komai. Idan Yaya ta fito sai ta miƙe ta gaishe ta, ta koma ta zauna.

Da yamma Yaya ta biyo ta shagona ta ba ni labari. Ba zan yi wa kaina ado ba, cewa na yi ta sa hannu. Na ce mata manyan da suka fi ta albashi da tumbi sun sunkuyar da kai, ita wace ce, mai zare da allura? Ta bar ni na gama zubar da mutuncina, sannan ta ce, "Ƙanena, idan na sa hannu na ce ɗinkina ne. Ba ɗinkina ba ne." Na ce to sai me? Ta ce ba sai komai, ta ɗauki jakarta.

Ba ta je wurin 'yan jarida ba, ba ta nemi lauya ba, ba halinta ba ne. A gurbin sa hannu ta rubuta da biro, da manyan baƙaƙe: BA ƊINKINA BA NE. Ta mayar wa masinja. Magatakarda kuwa, da yake shi ma ba gwanin buɗe fayil ba ne, ya ga tawada a inda ake sa hannu ya tura gaba. Lauyan direba ne ya fara karanta rubutun, a gaban alƙali, ya nemi a kira mai shi.

Na rufe shago na je. Na ga yayata a wurin tsayuwar shaida, da tabaranta mai ɗaurin zare, ɗakin da ta yi shekara talatin da uku tana yi wa hidima ba ta taɓa shiga ba. Lauyan gwamnati ya taso yana gyara riga, ya tambaye ta matakin karatunta, don a yi dariya. An ɗan yi. Ta nemi a ba ta fayil, ta je bakin taga, ta ɗaga shafi na takwas haske ya fito ta huji biyu. Ta ɗaga na goma, huji biyu. Ta ɗaga na tara. Dariyar ta ɗauke. Alƙali ya karɓa ya ɗaga da kansa, ya daɗe yana leƙen hujin nan guda kamar zai hango wanda ya yi shi.

Lauyan direba ya yi zumbur ya miƙe. Ya ce, "Inna, kin tabbatar an cire shafin da kika ɗinke an sa wani. To faɗa wa kotu, me ke rubuce a na asalin? Wa aka ce yana tuƙi?"

A bayana na ji an ja numfashi. 'Yar mai sharar ce, budurwa mai koyon aikin jinya, wadda ba ta taɓa fashin zama ba. Duk ɗakin ya san amsar. Da Yaya ta buɗe baki ta ce Kwamishina, ba wanda zai ce ta yi ƙarya, don ba ƙaryar ba ce. Ni kaina ina zaune ina faɗa mata a zuci, faɗi mana, Yaya, faɗi.

Ta ce, "Ban karanta ba, ranka ya daɗe. Ba na karanta fayil."

Lauyan gwamnati ya zauna a hankali, ya jingina, fuskarsa ta washe. An kira ɗan sandan hanya, wanda a lokacin an riga an yi masa canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye da mota ke zuwa sau biyu a sati. Ya ce lokaci ya ja, ba ya iya tunawa, kuma rana ta haske masa ido. Da ƙarfe bakwai da rabi na safe, rana tana bayansa.

Sauran kuwa kowa zai iya ƙarasawa da kansa. Alƙali ya ɗage zama. Kafin ranar dawowa, Babban Lauyan Gwamnati ya aiko da takarda mai layi uku cewa ya janye ƙarar don maslahar jama'a. Ban san wace jama'a ba, mu dai ba a tambaye mu ba. Aka saki direba. Matarsa ta zo har ƙofar ɗakin Yaya ta durƙusa tana kuka, Yaya ta ɗaga ta ta ce ta tashi, mutane na kallo. Direba bai tuƙa ba, Kwamishina ba a tuhume shi ba, don haka a takardun hukuma motar ce ta ga dama ta fita shan iska. Bayan wata biyu na ji Kwamishinan a rediyo yana buɗe makon kiyaye haɗurra, yana yi wa direbobi faɗa kan gudu a gaban makarantu.

An kafa kwamitin binciken wanda ya taɓa fayil, mutum biyar, huɗu daga ma'aikatar da fayil ya yi sati shida. Suka zauna, suka sha lemo, suka gano mai laifi: ɗinki da zare. Wai tsohon yayi ne, yana kawo ruɗani. Aka fitar da sanarwa cewa daga yanzu a riƙa amfani da fayil mai maƙalin ƙarfe, wanda ake buɗewa a rufe ba tare da ya bar alama ba. A karo na farko a rayuwata na ga kwamiti ya magance matsalar da ta dame shi. Yaya kuma aka mai da ita sito, ta ƙarasa kwanakinta tana ba masu goge-goge tsintsiya da bokiti. Takardun ritayarta sun yi wata tara a teburin magatakarda. Ranar da ta bar kotu ba wanda ya raka ta ko bakin ƙofa.

Yanzu a shagona take wuni. Ta karɓe gefen katifa, ta ce ɗinkina kamar na mai jin barci, kuma masu saye sun goyi bayanta. Ba ta maganar kotu, ni ma ba na tayarwa.

Wata ranar Laraba da hantsi 'yar mai sharar ta shigo, da farar rigar asibiti a jaka. Ta gaishe mu, ta zauna a bakin wata katifa da ba a gama ba. Ta ce ba ƙara za ta sake kaiwa ba, ta san inda ƙarfinta ya tsaya. Kowa a titi ya faɗa mata wanda ya kashe uwarta, amma a raɗa, yana waige. So take ta ji daga bakin mutum ɗaya da ya riƙe takardar a hannunsa, ko da a nan ne cikin auduga, ba alƙali, ba lauya.

"Inna, ko layi ɗaya ba ki gani ba? Ko sunan?"

Yaya ta soke basilla a jikin katifa. Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi, ta daɗe tana gogewa.

"Na riƙe ta, 'yata. Na sa mata lamba, na huda ta. Minti ɗaya ya ishe ni in karanta." Ta mai da tabaran. "Shekara talatin da uku ina taƙama da wannan. Ki yafe mini."

Yarinyar ta gyaɗa kai, ta ɗauki jakarta, ta yi mana sallama. Yaya ta zaro basillar ta ci gaba da ɗinki. Da ta kai ƙarshen layi sai na ga ta yanke zaren ta sake, don ƙullin bai kamu ba.