Tulun da Kawu ya sa wa lasifika

Yau ina shara na ga tulun Kawu ya tsage. Shekara biyu ke nan da rasuwarsa.

Shi ya ciro lasifikar 'yar rediyona mai memori, ya liƙa ta a bakin tulun da danƙo, wai sautinta ya cika siriri. Ina tsugune gefensa, ƙaurin dalmar da ya haɗa wayoyin da ita ya cika min hanci, ya kunna gangunan bikin gargajiya na Uhola. Har cikin ƙirjina na ji su.

Ya ce, "Kada ki ɗaga shi ta wuya. Ƙasa ce, ba ƙarfe ba."

Jiya ina sauri, ta wuyan na ɗaga shi. Har yanzu na kasa kunnawa, don tsoron kada in ji sautin ya canza.

Allah ya jiƙanka, Kawu. Allah ya sa tsagar nan ta tsaya inda take.