Garmahon Iya Gaje

A gidanmu na Jarwal, tsakanin Magariba da Isha lokacin Iya Gaje ne, ba mai taɓa mata shi. Ita ce ta haifi Ummata. Da an sallame salla sai ta ɗauki kaskon gawayinta ta hau saman bene, tana hutawa a hanya, ni kuma ina biye da buta da kofunan shayi. Shekarata goma sha ɗaya a lokacin. Daga can sama ana hango koren hasken babban agogon nan da aka gama ba da jimawa ba, ga injinan gini masu dogon wuya sun yi cirko-cirko a kewayen Harami, tattabaru suna komawa makwanci. In ta hura wuta ta barbaɗa turare, sai hayaƙin ya miƙe siriri, in ga kamar duwatsun Makka suna lilo a bayansa.

A Makka aka haife ni, Larabci ya fi mini sauƙi a baki. In na ce mata "Sitti" yadda yaran unguwa suke kiran kakanninsu, sai ta kawar da kai ta ce, "Nemi Sittinki a gaba, ƙawata. Ni Iya ce." Tana 'yar shekara tara mahaifinta ya taho da ita daga wani ƙauye a ƙasar Kano, ta hanyar Sudan, ba ta kuma sake komawa ba. Da ɗinki ta riƙe 'ya'yanta bayan rasuwar kakanmu, kuma ban taɓa ganin ta kai kekenta wajen mai gyara ba. Tana da wani gwangwanin alawa da take ajiye sukudireba biyu, da filaya, da kwalbar man keke, da tsohon buroshin haƙori. Da su take kwance keken ta mayar.

A hunturun shekarar ne takarda ta zo cewa za a rushe layinmu. Aka sama mana gidan haya a Rusaifa, aka ce nan da wata guda mu tashi. Kawu Hamza, ƙanin Ummata, wanda yake tuƙa tasi, shi ya zo yana ware kayan da za a ɗauka da waɗanda za a bari. Ya jawo wani akwatin katako daga ƙarƙashin gadon Iya, ya buɗe, ya yi dariya.

"Iya, har yanzu wannan garmahon yana nan? Halas, shi ke nan, ya tashi aiki. A bar wa masu gwangwan."

"Ajiye shi," in ji Iya.

"Gidan can ɗaki uku ne kawai, wallahi ba wuri."

"In ya yi magana kafin mu tashi, zai bi mu. In bai yi ba, ka zubar da hannunka."

Ban taɓa ganin garmaho ba sai ranar. Faranti ne zagayayye a kan akwati, da wani siririn hannu mai allura a baki. A cikin murfin akwai faifai guda ɗaya tak, baƙi, a naɗe cikin tsohon ɗankwali. Da muka hau bene da yamma Iya ta gaya mini na mene ne. Tana da yaya mai suna Hansai, wadda aka bari a gida saboda an riga an ɗaura mata aure. Hansai ta zama 'yar amshin wata mai kiɗan ƙwarya, har aka ɗauki waƙarsu a faifai. Wani alhaji ɗan garinsu ya kawo wa Iya shi a wata shekarar aikin hajji, ya ce, "Muryar 'yar'uwarki tana ciki." Kakanmu ya saya mata garmaho saboda faifan nan kaɗai.

"Kunnena na hagu ya tafi," in ji ta. "Na dama ma ya fara haɗa kaya. Ina so in ji ta kafin ya bi ɗan'uwansa."

Daga ranar aikin ya koma saman bene. Ta shimfiɗa farin zane, ta jera sukurorin da ta kwance a cikin faranti yadda suka fito, na farko a farko. Da ta ɗaga farantin garmahon sai muka tarar robar da take juya shi ta narke, ta zama kamar kwalta. Kwana biyu tana kankare ta da tsinke da auduga da ɗan kananzir. Hannunta yana aiki, bakinta yana tatsuniya. Tana da yadda take buɗe tata, ba irin ta kowa ba. Sai ta ce, "Ga wata nan tafe daga nesa, ta gaji." Ni kuma in ce, "A ba ta ruwa ta zauna."

Tatsuniyar da ta yi mini a makonnin nan guda ɗaya ce, tana yanka mini ita kaɗan-kaɗan, kiran Isha yana katse ta. Wai wasu 'yan mata ne biyu, ya da ƙanwa, a wani gari na bakin kogi. Fatake suka tafi da ƙanwar gabas mai nisa, inda ko tsuntsu ba ya kai saƙo. Kewa ta hana yayar barci, sai ta je wajen wata tsohuwa mai ginin tukwane. Tsohuwar ta gina mata tulu ƙarami mai tsukakken baki, ta ce ta rera waƙa a ciki ta toshe da kakin zuma. Yayar ta yi haka, ta ba matafiya. Da tulun ya isa, ƙanwar ta kasa haƙuri, ta fasa shi da dutse. Muryar ta fita gaba ɗaya kamar tsawa, ta watse a sama, ko kalma ɗaya ba ta kama ba.

A nan ladan ya kira salla, Iya ta rufe gwangwaninta. Na yi ta roƙo, ta ce tatsuniyar ma ta tafi alwala.

Da injin ya fito fes, ta ɗiga masa man keke digo biyu, ta juya shi da yatsa tana kara kunnenta na dama. Ta yanko roba irin ta ƙugun wando, ta auna, ta ɗinke bakinta da hannu, ɗinki lafiyayye da ba ya tudu. Takardar lasifikar da take cikin akwatin ta yage, ta liƙe ta da ƙyallen mayafi da gam. Ta wanke faifan da ruwa mai ɗumi da ɗigon sabulu, tana bin layinsa a zagaye da yatsa, ta shanya shi a inuwa. Amma allurar ta karye tun tuni, kuma wannan ba abin da za ta iya ƙerawa ba ne. Mako guda muka yi a tsaye. A ƙarshen layinmu an riga an fara cire ƙofofi da tagogi, maƙwabta suna ta sallama.

A makon nan ne ta ba ni labarin tulu na biyu. Yayar ta sake aikowa. Wannan karon ƙanwar ta ji tsoro. Ta ce in ta buɗe zai ƙare, in ya ƙare ba ta da komai. Ta naɗe shi a zane ta tura ƙarƙashin gado. Kullum ta taɓa shi ta ji yana nan, hankalinta ya kwanta. Shekara ta bi shekara, yumɓun ya yi 'yar tsaga, muryar ta riƙa zurarewa da dare ba mai ji. Ranar da ta yi ƙarfin hali ta buɗe, iska ce kawai a ciki.

"Wawuya ce," na ce da Hausata mai ɗingishi.

Iya ta daɗe tana juya gawayi da filaya. "Ba wauta ba ce, ƙawata. So ne ya yi mata yawa, ya rasa hanyar fita."

Saura kwana biyar mu tashi, sai ga Kawu Hamza ya hawo benen yana haki, rigarsa duk gumi. Ya ajiye wani ɗan ƙunshi a kan zanen, da wata lasifika da ya ciro daga tsohuwar motarsa. Ashe kwana uku yana zagaya kasuwar tsofaffin kaya yana nema, har ya samu wani dattijo mai allurai a kwalba.

"Ba don komai ba," in ji shi, yana kallon gefe. "Hanya ce ta bi da ni."

"Allah ya yi maka albarka, Hamza. Zauna ka riƙe mini fitila."

Shi ya murɗa wayoyin sabuwar lasifikar ya naɗe su da salatif. Iya ta sa allurar da kanta. Ummata ma ta hawo da tsintsiya a hannu, ta tsaya a bakin matakala. Aka kunna. Farantin ya juya, allurar ta sauka, aka ji ƙas-ƙas kamar ana soya gyaɗa, sai ga wasu muryoyi masu kauri suna jan magana kamar raƙuma sun tashi daga barci. Kawu ya faɗi zaune don dariya. Iya ma ta yi har da hawaye, ta ce, "Hansai ba ta taɓa zama namiji ba."

Robar ce take zamewa. Ta warware ɗinkin, ta rage tsawon da faɗin yatsa, ta sake haɗawa. Muryoyin suka zama na mata, amma allurar tana tsalle. Ta ɗauko maɓallin riga ta manna a kan hannun don ya yi nauyi, tsallen ya daina. Mu dai mun ce ya yi. Ita ta girgiza kai. Ta ce har yanzu da sauran nauyi a muryar. Ta naɗa siririn zare a kan sandar injin, zagaye ɗaya, ta saurara, ta ƙara wani. Ba mu da abin awo. Abin da ta tuna shi ne ma'auninta.

A zagaye na uku ta ɗaga hannu, kowa ya yi tsit. Kiɗan ƙwarya ya cika saman benen, mai waƙa ta ba da baiti, mata huɗu ko biyar suka amsa. Iya ta kwantar da kunnenta na dama a jikin lasifikar, idonta a rufe. Amshi ya wuce, wani ya wuce, fuskarta ba ta canza ba. Na ga Ummata ta dafe ƙirji. Tsoro ya kama ni, kada a ce duk wahalar nan ta kasa gane ta a cikinsu.

Can sai ta yi murmushi.

"Ga ta nan. Kun ji waccan da take shigowa a makare, bayan sauran sun fara? Ita ce. Ko tashi da asuba haka take, sai kowa ya miƙe."

Ta sa aka maimaita sau huɗu. A na huɗun ni ma na ji ta, wata siririyar murya mai ɗan kaushi, tana biyo sauran da rabin numfashi. Yammacin nan shayin ya huce ba wanda ya sha. Kafin a kira Isha ta ƙarasa mini tatsuniyar a gurguje. Wai da tulu na uku ya zo, ƙanwar ta huda kakin da allura, ta kara kunne, muryar ta riƙa fitowa siririya kamar zare, tana sha kullum kaɗan har ta tsufa. Iya ta ce, "Nan ta sauke kayanta, ni ma na sauke nawa."

Garmahon ya bi mu Rusaifa a kan cinyar Kawu, bai yarda an sa shi a bayan mota ba. Kunnen Iya ya ƙarasa tafiya bayan kamar shekara guda. Duk da haka takan sa in kunna mata, ta ɗora tafin hannunta a kan katakon, leɓenta yana motsi daidai inda amshi yake.

Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar haƙuri ce kawai, irin wadda ake yi wa yara masu garaje. Sai bayan rasuwar Iya da wasu watanni, ina jami'a, muna ninke kayanta, na ce wa Ummata abin tausayi ne da garmahon ya lalace shekara talatin ba a samu mai gyara ba. Ummata ta dube ni.

"Wa ya ce miki lalacewa ya yi? Lafiyarsa ƙalau ta rufe shi. Ranar da alhazai suka kawo labarin rasuwar Hansai ta naɗe faifan ta tura ƙarƙashin gado. Zama ne ya lalata shi."

Na zauna a bakin gadon da zanenta a hannuna. Sai a lokacin na gane wadda na kira wawuya a gabanta, da kuma dalilin da ya sa ta daɗe tana juya gawayi kafin ta ba ni amsa. Ba ta tsawata mini ba, ba ta kuma kare kanta ba. Ta dai ba wa yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya labarin abin da ya fi yi mata ciwo, ta hanyar da yarinyar za ta iya ɗauka, sannan ta koma kan aikinta.

Akwai saƙonnin murya guda bakwai na Iya a tsohuwar wayar Ummata, yawancinsu faɗa ne a kan an bar mata ƙofa a buɗe ko an manta da cefane. Wata takwas na yi ina kewaya wayar nan, ban iya taɓa ta ba. Ranar da muka yi maganar nan da Ummata, bayan Magariba, na sa ta a caji, na zauna a ƙasa, na danna na farko.