Bujen ƙanena a kan sandar ƙarfe

Mun tashi daga Shinkafi ana idar da sallar asuba, ni da ƙanena, muka nufi Ƙaura Namoda inda za a zaɓi 'yan wasan motsa jiki na sabuwar jiharmu. Shekara goma yana alkafura a yashin gulbi, mutane na ce masa mahaukaci. In an ɗauke shi, ya huta da dakon yashi a bayan jaki. Ni tawa ta wuce, aji huɗu na yi aka cire ni, rakiya kawai na je.

Hanya dai ba ta ji labarin an yi jiha ba, ramukanta suna nan. A motar haya, mata a kujerar baya, mu a gaba, girgiza kuwa ba ta bar kowa ba. A Sakajiki na sha fura mai tsami, shi ya ƙi, wai kar cikinsa ya yi nauyi.

Sai a filin makaranta na gane ashe wasan kashi-kashi ne. Alkafurar da muka sani, kan katifa, ɗaya ce kawai. Ga tsallake akwati, ga lilo da zobba biyu, ga wani dokin katako da ake juyi a kansa da hannu. Wasan mata, mai ƙyalle da ƙwallo, ba wanda ya ko tayar da zancensa.

A katifa ba wanda ya kamo ƙafar ƙanena, har 'yan Zurmi suka yi masa kabbara. Aka zo sandar ƙarfe ta sama. Tun da shari'a ta zo ya daina buɗe gwiwa gaban jama'a, don haka da bujensa mai faɗi ya hau. A juyi na biyu bujen ya naɗe sandar, ya faɗo kan kafaɗa.

Kocin, wani dattijo, ya rugo yana faɗa: “Kai, wa ya sa ka hawa da wannan buhu? Ai wandon hawa sanda dogo ne har idon sawu, matsattse kawai!”

Na ce, “Malam, to wa yaf faɗa muna?”

Ba a ɗauki ƙanena ba.

Da la'asar muka dawo gida, hannunsa rataye da rawanina. Abin da na koya, ƙarfi ba mu rasa shi ba, mai gaya mana muka rasa. Kafaɗar na warkewa, ni da kaina zan kai shi wurin tela.