Layar Yaya Ɗanladi a Gidan Tarihi

Jiya na tsaya gaban gilashi a gidan tarihi, ina kallon rigar sojan yayana Ɗanladi, da layarsa maƙale a wuya.

Ni na kawo rigar daga unguwar Nima, bayan samun 'yancin Ghana. Lokacin ina yi wa wani Bature masanin kayan tarihi haƙa, yana kuma tattara kayan sojojin yaƙin Bama. Yaya ya rasu, rigar kaɗai ya bari.

Baturen yana karɓar rigar sai ya ɗauko almakashi zai farke layar.

Na ce, "Masta, ba a buɗe laya."

Ya ce, "To yaya zan san abin da aka rubuta?"

Na ce, "Mai ita ma bai sani ba, kuma da ita ya je Bama, Allah ya dawo da shi."

Ya ajiye almakashin, ya rubuta sunan Yaya da garinmu a kati.

Shekara tara ina yi masa haƙa, ko a littafi ɗaya bai sa sunana ba. Amma layar tana nan yadda baduku ya ɗinke ta a Katsina. Wannan kam na shaide shi.

Ku da wanne za ku tuna Baturen?