Ranar da Na Ciyar da 'Yan Gayya Tuwon Yashi

Tsufa ya kama ni yanzu, har nakan ɗora tabarau a goshi in bi gida ina nemansa. Amma ranar da na ciyar da mazan ƙauyen mijina tuwon yashi ba ta cikin abubuwan da mantuwa za ta ƙwace mini. Ko da na so in manta ma, mutanen garin ba za su bari ba.

Ni 'yar Kafanchan ce, 'yar bariki kamar yadda ake ce mana a lokacin. Babana ma'aikacin jirgin ƙasa ne, a gidajen reluwe aka haife ni, kukan jirgi ne yake tashinmu da asuba. Iyayena yarensu ba ɗaya ba ne, don haka da Hausa muka tashi a gida. Shinkafa, doya, garin rogo, burodi ranar Lahadi, waɗannan na sani. Acca kuwa sai dai in gan ta a kasuwa ko in sha kununta a maƙwabta, ban taɓa dafa ta da hannuna ba.

A shekarar da gwamnati ta buɗe makarantun firamare kyauta ko'ina, aka mayar da mijina, wanda malamin makaranta ne, ƙauyensu da ke gindin duwatsu can bayan Kagoro. Ba mu daɗe da aure ba. Muka ɗora akwatina da keken ɗinkina a motar katako, muka sauka a gidan iyayensa.

Garin ya shiga raina tun ranar farko. Dutse ne tsaye a bayan gidanmu, kore shar da damina. Da safe gajimare yakan sauko ya zauna a kansa, sai rana ta ɗaga sannan ya tashi. Akwai rafi da ke gangarowa daga cikinsa, ruwansa sanyi har cikin haƙori. Kowane gida an kewaye shi da shingen ƙerana mai ƙaya, ga rumbuna a tsakar gida, ga aladu suna gurnani a baya, ga itatuwan ɗorawa da mangwaro har inda ido ya tsaya. Da yamma hayaƙin girki ya kwanta a kan jinkaye, ka ji turmi ya buga a nan, wani ya amsa daga can. Ni da na tashi cikin ƙaurin gawayin jirgi, sai na riƙa shaƙar iskar nan kamar za a ƙwace.

Matsalata mutanen ne, kuma ba don sun yi mini mugunta ba. Da mugunta ce, da na san yadda zan yi da ita, don bakina ba ya mutuwa. Kirki suka yi mini har ya ishe ni. Kujera ɗaya ce mai majingina a gidan, ita ake jawo mini. Kowa yana cin abinci a kwano ɗaya da 'yan'uwansa, ni kuwa a kawo mini nawa daban, har da cokali. In na shiga madafa mata suna hira da yarensu suna ƙyaƙyata dariya, sai a yi tsit, a juya zuwa Hausa, a tambaye ni gajiya. In na ɗauki tsintsiya, surukata, wadda kowa ke kira Mama, ta taso ta karɓe. Hausar Mama irin ta tsofaffin wajen ce, mace da namiji duk ɗaya. Sai ta ce, "Kai zauna, Matar Ticha, kada ka gaji." Sunana ke nan a garin, Matar Ticha, kamar ba a raɗa mini wani ba.

Mijina ya ce girmama ni ake yi, in gode wa Allah. Da na je Kafanchan na kai ƙara wurin uwata, dariya ta fara yi, ta ce, "Ke kam, ana miki gata kina kuka?" Can ta nisa ta ce, "Amma fa baƙo raɓa ne. In har yanzu baƙuwa suke ganinki, to jira suke ki tafi." Maganar nan ta tsaya mini a rai, domin na riga na ji labarin wata 'yar birni da aka auro garin kafin ni, damina ɗaya ta yi ta tattara kayanta. Ni kuwa ina son mijina, ina son garin, kuma a nan nake so in haifi 'ya'yana. Na rasa ta inda zan shiga ne kawai.

Ana cikin haka lokacin huɗar dawa ya zo, Baba, wato surukina, ya kira gayya. A garin nan gayya ba wasa ba ce. Maza su zo da garmunansu su yi maka aikin da zai ɗauke ka makonni, kai kuma ka ciyar da su su ƙoshi, kuma da abincin ne ake auna gida. Tun jajibiri mata suka surfa acca cike da masaki, aka tanadi karkashi, aka jiƙa dawar kunu. Ni dai ina kan kujerata ina kallo.

Da sassafe ranar gayyar aka aiko cewa 'yar Mama da ke aure bayan dutse tana naƙuda. Mama ta ɗaura zane ta fita da sauri, ta bar girkin a hannun matar ƙanen Baba, wadda muke kira Mama Ƙarama. Da na ga baiwar Allahn nan ita kaɗai tsakanin tukwane, tana zufa, sai na ce a raina yau ce ranata.

Na ce, "Mama Ƙarama, ki bar mini tuwon, ke ki ji da miya da kunu."

Ta ce, "A'a, Matar Ticha, hayaƙi zai dame ka."

Na ce, "Ai a gidanmu ma da wuta ake girki." Na jawo masakin kafin ta sake magana.

Na wanke accar nan yadda nake wanke shinkafa. Na zuba ruwa, na cuɗa, na tsiyaye, na sake, har ruwan ya yi garau. Abin da ban sani ba shi ne, acca a ƙasa ake sussuka ta, kuma ƙwayarta da ƙwayar yashi girmansu ɗaya. Wanki ba ya raba su. Sai an rege ta, daga wannan ƙwarya zuwa waccan, a hankali, har yashin ya kwanta a ƙasa shi kaɗai. Na lura Mama Ƙarama ta tsaya da muciya a hannu tana kallona. Na ce, "Akwai wani abu ne?" Ta ce, "Babu komai, sannu da aiki."

Tuwo ya fito fari tas, ya yi kyau har na ji kamar in kira mai hoto. Ɗoki bai bar ni na ɗanɗana ba. Na mulmula shi a manyan ƙore, na ɗora ɗaya a kai, muka bi hanyar gona, ina tafe ina jin kaina.

Mun iske maza sun yi nisa. Jikinsu duk jan laka, garmuna suna tashi tare suna sauka tare, ana waƙa ana amshi, kunyoyi sun miƙe har gindin dutse. Da suka hango mu aka yi shewa, aka taru a ƙarƙashin ɗorawa. Wani dattijon coci ya cire hula ya yi addu'a, har ya roƙi Ubangiji ya albarkaci hannun da ya dafa. Aka ce amin da ƙarfi, ni ma na ce.

Aka sa hannu. Loma ta farko, sai surutun ya ɗauke. Ba ka jin komai sai wani ƙaras-ƙaras daga kowane gefe. Ni a wautata na ɗauka daɗi ne ya kashe musu baki. Na ga wani tsoho ya daina tauna, ya ɗaga kai yana kallon ganyen ɗorawa kamar mai neman tsuntsu. Daga nan kowa ya gano dabara, a tsoma loma cikin karkashi sosai a haɗiye ba tauna. Haka suka yi ta haɗiya har ƙoren suka koma wayam. Baba ya wanke hannu, ya dube ni ya ce, "Sannu, Matar Ticha. Mun ƙoshi. Allah ya sa albarka." Sauran suka amsa, kowa ya ɗauki garmarsa.

Sai da na koma gida na kankare ƙanzo a gindin tukunya na jefa a baki, sannan na san abin da na aikata. Na ji yashi har cikin ƙwaƙwalwata. Na tofar, na tsaya riƙe da tukunya.

Kunya na ji, babu shakka, amma ba ita ce ta sa ni kuka ba. Godiyar nan ce ta sa ni kuka. Mazan gari guda sun gwammace su haɗiyi yashi da su ce mini na yi kuskure. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado ina kallon akwatina, ina tunanin motar da ke zuwa Kafanchan ranar kasuwa. Na ce a raina uwata ta yi gaskiya, mutanen nan ba su taɓa sa ni a lissafi ba.

Rana ta kusa faɗuwa Mama ta dawo da albishir, an sauka lafiya. Ina ji daga ɗaki ana murna. Ta ce yunwa take ji, aka miƙa mata malmalar da aka ajiye mata. Loma ɗaya ta kai baki. Sai na ji an ƙwala kira da wata murya da ban taɓa sanin tana da ita ba, kuma da sunana na yanka, ba Matar Ticha ba.

Na fito. Mama ta rufe ni da faɗa da yarensu, ta manta ma ba na ji. Hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya riƙe da tuwon tana nuna ni da shi. Maƙwabta suka fara leƙowa ta saman shinge. Da numfashinta ya dawo ta juya zuwa Hausa: "Wane irin yarinya ne wannan? Kana so ka ƙarar mini da haƙoran maza? Ka kunyata mu gaban gari! Ba ka da baki ka tambaya?"

Ban san lokacin da bakina na bariki ya kuɓuce ba. Na ce, "Wa zan tambaya, Mama? Ko tsintsiya na ɗauka ƙwacewa kuke yi!"

Mama ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Sannan ta juya kan Mama Ƙarama: "Kai kuma kana tsaye kana gani, ka yi shiru?"

Mama Ƙarama ta sunkuyar da kai ta ce, "Na ji nauyi ne. Ai baƙo ne."

Mama ta ce, "Baƙo? Baƙo yana iya kunyata gida? Wanda ya kunyata gidan nan, ɗan gidan nan ne."

Ta shiga madafa ta fito da ƙore biyu da ragowar acca, ta damƙi hannuna ta ja ni har rafi, tana tafe tana mita. A bakin ruwa ta tsugunar da ni, ta nuna mini yadda ake karkata ƙwarya a riƙa girgizawa. In na yi gaggawa ta buge mini hannu. Wallahi da zafi take bugun, amma ni hawaye nake ina dariya, don tun zuwana garin ba wanda ya taɓa ni sai ranar. Da yashin ya fara taruwa a gindin ƙwaryar, baƙi-baƙi, sai ta yi magana ba tare da ta dube ni ba. Ta ce, "Mun ce ba za ka zauna ba. Wanda zai tafi, me za a koya masa?"

Na ce, "Ina nan, Mama."

Ta ce, "To riƙe ƙwarya da kyau."

Washegari tun gari bai gama wayewa ba Mama ta buga mini ƙofa, wai ruwa ba zai kawo kansa ba. A rafi mata suna ganina suka fashe da dariya, har da masu riƙe ciki, wata ta ce ga Mai Yashi ta iso. Tsohon nan mai kallon ganyen ɗorawa ya tare ni a hanya ya buɗe baki ya nuna mini giɓin da ya yi shekara da shekaru, ya rantse ni na cire masa haƙorin, sai na biya shi da kunu. Na biya, kuma bai daina karɓa ba har ya koma ga Ubangiji. Da Kirsimeti ya zo mata suka sa ni a waƙar rawa, wai Matar Ticha ta ga mazan gari ba su da ƙarfi, ta ba su tuwon gini. Ni ce kan gaba a rawar, da yaren da na fara tsinta a bakinsu.

A garin nan na haifi 'ya'yana duka, a nan na binne Mama, a nan kuma nake zaune har yau ina kallon dutsen nan ta taga. Abin da ranar ta koya mini shi ne, ladabi in ya yi yawa katanga ne, kuma wanda ya yi maka faɗa tsakani da Allah ya riga ya ɗauke ka nasa. Shi ya sa da ɗana ya kawo mini matarsa daga birni, ban bar ta ta yi mako tana baƙunta ba. Na nemo abin faɗa a miyarta na yi mata sosai, sannan na ce ta matso mu ci tare.