Kusurwar Auta

Baba mai gyaran keken ɗinki, wanda shagonsa ke manne da nawa, ba mutumin waya ba ne. Autansa ne ya saka masa wani wasan yaƙi a waya don su riƙa karawa, kafin ya tafi aiki nesa. Taswira ce mai launi biyu, kowa ya matsa da sojojinsa sau ɗaya ya jira ɗan'uwansa, wanda ya cinye ƙasar wani ya yi nasara. Tun rasuwar matarsa gidan ya rage daga shi sai rediyo. Auta kuwa ba gwanin kira ba ne, sai dai a wasan yakan leƙo kullum.

Da farko cin kaca yaron ya riƙa yi masa. Baba yakan bazama ko'ina, ya bar bayansa a buɗe. Da abin ya ishe shi, sai ya bi shi yadda yake bin keke mai tsinka zare, a hankali, har ya gano ciwon. Ya daina kama filin da ba zai iya tsarewa ba, ya koyi toshe mashiga da jiran mai gaggawa ya kawo kansa. Har ni ya dama da bayani, ina tsakiyar yankan yadi.

Da Baba ya fara cin wasa, sai Auta ya fara jinkirin amsawa. Baba ya lura. A zagayen da ya biyo baya ya kora yaron har kusurwa, sannan ya tsaya. Yau ya kai soja gaba, gobe ya mayar da shi. Na ce masa wannan ai wasa da hankali ne, ya ƙarasa kawai.

“'Yata, in na cinye wasa ya ƙare,” in ji shi. “Wa ya ce miki zai buɗe wani?”

Tausayinsa ya kama ni.

Wata rana da hantsi wayar ta yi ƙara, ya goge hannu da tsumma ya duba. Auta ya miƙa wuya, ya haɗa da saƙo cewa Baba ya fi ƙarfinsa, kuma aiki ya yi yawa, zai goge wasan. Taswirar duka ta koma launin Baba.

Ya leƙo shagona, ya miƙo min wayar.

“Duba min, ina ake dannawa a mayar wa mutum ƙasarsa?”