Yadda Muka Mayar da Bawa Mahauci Kura

Ban taɓa mantawa da ranar kasuwar da na tsaya gaban mutanen wani ƙauye kusa da Nahuce, rungume da kwamfuta, ina rantsuwa cewa mahaucinsu ba kura ba ne. Ku da kuke shigowa sana'ar nan kuna ɗokin a ce aikinku ya yi kyau, ku saurara, don nawa kyau ya yi, kuma kyan ne ya jawo abin.

Mu biyar ne a lokacin, a wani ɗan shago a Tudun Wada, Gusau. Muna yin fim mai dogon zango da ake sakawa a intanet kashi-kashi, labarin wani mutum da ke rikiɗa ya zama kura idan wata ya cika. Nura ne darakta, shi ne kuma furodusa, wato mai kuɗin fim, ko da yake kuɗin labarinsu kawai muke ji. Ni Sani ni ne edita: in an gama ɗauka a kawo mini hotunan, in yanka, in jera, in sa sauti. Labarin duk na dare ne, amma a yankinmu ba mai ran da zai kai daji bayan magariba. Da rana tsaka muke ɗauka, ni kuma in rage hasken a kwamfuta har ya koma farin wata. Kurar kuwa ta masu wasa da kura ce da suka ratso Gusau. Muka roƙe su muka ɗauke ta ta baya tana tafiya, na yi ta gyaran hoton har sarƙar wuyanta ta ɓace.

Jarumin da muka shirya da shi ya ce shi ba zai bi hanyar Bungudu zuwa ƙauyen da muke ɗauka ba, yana da iyali. Sai idon Nura ya faɗa kan Bawa, mahaucin ƙauyen da ke ba mu jinin akuya muna shafa wa tufafi. Dattijo ne mai faɗin kafaɗa da son raha, yana ɗan ɗingishi. Ya yarda don nishaɗi kawai. A labarin sunansa Jatau, amma duk sanda aka kira Jatau gaban kyamara sai ya waiga yana neman wanda ake kira. Batir na ƙarewa, ga hanya a gabanmu. Nura ya ce, "Ku kira shi Bawa kawai mu wuce." Haka aka yi. A rumfarsa ta fawa kuma muka ɗauka, da wuƙarsa da tirensa, don ba mu da halin kafa wata.

A kashi na huɗu rikiɗar take. Bawa ya zaga bayan rumbu yana ɗingishi, kura ta fito ta ɗaya gefen da irin tafiyarsa sak. Na sha wahalar daidaita wurin nan, kuma da na gama na ji daɗin kaina ƙwarai. Har lemo Nura ya saya mini, abin da bai taɓa yi ba.

Fim ɗin bai samu masu kallo ba, sai mu da danginmu. Amma wani ya yanke wannan guntun, ba sunan fim, ba sunayenmu, ya ɗora muryarsa a kai yana cewa ga mahaucin da aka kama yana rikiɗa a ƙasar Bungudu. Daga waya zuwa waya, ta shagunan masu caji, har ya koma ƙauyen. Awaki kuwa dama ba su daina ɓata ba, sai aka samu wanda za a jingina wa.

Wata safiya Bawa ya iske mu a shago. Bai zauna ba.

"Malam Sani, mi kunka yi mani? Tun kasuwar da ta wuce ban sai da ko tsoka ba. Mata sun hana ɗiyansu zuwa rumfata. Jiya ga masallaci, wanda ke dama da ni ga sahu ya janye ƙafa tai."

Nura ya ce, "Haba Baba, ai kowa ya san wasa ne."

"Ku kun sani. Su sunana sunka ji, rumfata sunka gani."

Muka bi hanyar da ta dace. Muka je muka gaida mai gari, muka nemi izini, ya sa aka tara mutane ranar kasuwa. Na buɗe kwamfuta na nuna musu ɗanyen hoton, wato yadda aka ɗauka kafin in taɓa shi: ga Bawa ya zaga bayan rumbu, ga shi ya leƙo yana dariya yana neman ruwa, ga kura da sarƙarta a Gusau, yara na binta. Aka yi dariya. Mai gari ya ce magana ta mutu, kada ya sake jin ta. Ina naɗe waya sai wani tsoho ya dafa ni.

"Yaro, mun gani, kuma mun gode. Amma cikin garin ga duka, don mi shi kunka zaɓa?"

Na ba shi amsa ta gaskiya, na ce jaruminmu ne ya ƙi zuwa. Ya gyaɗa kai irin na wanda ya riga ya gama nasa tunanin. 

Ba wanda ya kori Bawa, ba wanda ya zage shi. Nama dai abin sawa a ciki ne, mai 'yar shakka kaɗan sai ya wuce rumfa ta gaba, kuma kowa ya wuce. Muka haɗa wani kashi na musamman muka wanke shi, ya fito ya yi bayani da bakinsa. Wannan ba wanda ya yanke ya tura wa kowa. Daga nan fim ɗin ya mutu, mu ma duk mun gaji da shi.

Bara na ga Bawa a Tsafe, durƙushe yana wanke kayan ciki a rumfar wani mahauci, shi da ya gaji fawa wajen ubansa. Na nufe shi da fara'a. Ya miƙe da sauri ya ja ni gefe.

"Na yafe maku tuni. Amma don Allah kak ka gaishe ni gaban mutane. An san ku da yin fim, nan kuwa ba su gane ni ba tukuna."

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan. Mu in an tashi daga ɗauka mu kan tuɓe rigar wasa mu hau mota. Mutumin gari da kuka ara, shi a nan zai kwana, da fuskarsa da sunansa da sana'arsa. Kada ku sa shi a matsayin da ba zai iya tuɓewa ba, ko da shi ya ce ya yarda, don bai san inda hoto ke kaiwa ba, ku kun sani. Ni har yau in mota ta bi da ni ta Tsafe ina hango shi, sai in kawar da kai kamar yadda ya roƙa.